300cc da ɗage nono ko 400cc mai tudu? Amsa ga Maman 'yan biyu

Maman 'yan biyu sannu da haƙuri, na ga tambayarki tun shekaranjiya amma aikin dare nake yi satin nan, yanzu ma a cikin gosulon Oshodi nake rubuta wannan, in kin ga kuskure laifin danfo ne. Bari in maimaita don waɗanda basu gani ba. Ta ce shekara 8 da suka wuce aka saka mata robar silikon 350cc a nono a ƙasar waje, a saman tsokar ƙirji, bayan nan ta haifi 'yan biyu ta shayar da su, yanzu na hagu yayi tauri ya haura sama yana mata ciwo, na dama kuma ya zube kan nonon yana kallon ƙasa. Ta ga likita biyu anan Legas, duka sun auna faɗin gindin nononta sun samu wajen santimita 12. Na farko yace a sa 300cc mai matsakaicin tudu a haɗa da ɗage nono, na biyu yace a sa 400cc mai dogon tudu zai cike fatar ba sai an ɗage ba. Wanne za ta ɗauka?

Ni nas ce ta ɗakin tiyata ba likita ba, kuma ban ga jikinki da idona ba, ki riƙe wannan. Masu shigowa da maganar haramun ne kuma don Allah ku sassauta, robar nan ta riga tana jikinta kuma ciwo take mata, hukuncinsa a kai wa malamai, ni abin da na sani zan faɗa.

Abu na farko ki daina kallon lambar cc ita kaɗai. cc yawan abin da ke cikin robar ne kawai, furofayil kuma, wato tudun, shine yadda aka malmala shi. Ki ɗauki tuwo mara ɗaya, in kin baje malmalar za tayi faɗi tayi ƙasa-ƙasa, in kin tattara ta za ta tsuke tayi tudu, alhali tuwon bai ƙaru ba. To haka robar take. In kika duba kasidar kamfani irin Mentor za ki ga 300cc mai matsakaicin tudu faɗinsa wajen santimita 12 ne, fitowarsa gaba wajen uku da rabi. 400cc mai dogon tudu shima faɗinsa wajen 12 ɗin ne, amma fitowarsa gaba ta kai wajen 5. Kinga kenan duka likitocin biyu sun girmama faɗin ƙirjinki, babu wanda ya baki abin da zai shige hammata ko ya haɗe a tsakiya, wannan kam na yaba musu. Bambancin duk a gaba yake, santimita ɗaya da rabi da za su riƙa tura fatarki kullum, fatar da ciki da shayar da yara biyu a lokaci guda suka riga suka ja.

Sai nauyi. cc ɗaya kusan giram ɗaya ne. Ledar fiya wata 500 ce, to 400cc ya kusa leda guda a kowane ɓangare, duka biyun giram 800, na 300 kuma giram 600. Za ki ce ai 200 ba komai bane, a hannu gaskiya ba komai bane, amma rataye a fatar da ta saki na shekara goma wani abu ne.

Inda nake so ki tsaya sosai shine maganar zubewar nan. Roba bata ɗaga kan nono, cikawa take yi. Ki tsaya gaban madubi ba rigar mama, hannu a sake, ki duba lanƙwasar da ke ƙarƙashin nonon inda ya haɗu da ƙirji. In kan nonon yana sama da wannan layin ko daidai da shi, kawai dai nonon ya zama fanko kamar jakar da aka zazzage, to likita na biyu yana da magana, roba mai ɗan girma za ta iya cike shi ba tare da an yanka fata ba. Amma in kan nonon ya sauka ƙasa da layin yana kallon ƙasa, wanda haka kika ce na dama yake, to ko 600cc aka sa ba zai dawo da shi sama ba. Abin da zai faru shine robar ta zauna a sama kamar ƙwallo, naman nonon ya zamo ya rataye a kanta, ko kuma ta biyo shi ƙasa su zube tare, watannin farko kina murna saboda kumburi ya ɓoye komai, bayan shekara ɗaya ko biyu ki dawo inda kike da ƙarin nauyi. Na ga wannan ba sau ɗaya ba, kuma yawanci matar ce ta roƙi likita kada a mata tabo shi kuma ya biye mata.

To amma kada in yi wa na farkon ado da yawa, shima yana da kuɗin da za ki biya da jikinki, wato tabo. Ɗage nono yanka ne zagaye da baƙin kan nono, ya sauko tsaye zuwa ƙasa, wani lokaci har da na kwance a cikin lanƙwasar in fatar tayi yawa. Mu baƙar fata kuma kin san halinmu da tabo mai tudu, wanda likitoci ke ce ma kiloyid. Ki duba hujin kunnenki, ki duba tabon allurar rigakafi na kafaɗa, in an miki aiki wajen haihuwar 'yan biyun ki duba wannan tabon, sannan tsohon tabon da aka saka robar ta nan. In duk sun kwanta lafiya to alama ce mai kyau, in akwai wanda ya tashi yana ƙaiƙayi ko a danginku akwai masu yi, ki faɗa wa likita tun kafin ya ɗauki alƙalami, a tsara abin da za a yi bayan aiki, akwai filastar silikon akwai allurar da ake yi a cikin tabon. Na biyun anan ya fi, ta tsohon yankan za a shiga ba sabon tabo. Akwai kuma wani abu da ba a cika faɗa ba, kan nono da jini yake rayuwa, aikin farko ya riga ya yanke wasu hanyoyin jinin musamman da yake a saman tsoka aka sa miki, in aka zo ɗagewa ba tare da sanin yadda aka yi na farko ba ana iya cutar da shi, ko jin da yake yi ya ragu. Shi yasa wani likitan ma zai ce a raba aikin biyu, a fara cire tsohuwar robar a gyara, bayan watanni a dawo. In ya faɗa miki haka ba lallai kuɗi yake nema ba.

Na hagun da yayi tauri kuwa duk wanda kika zaɓa sai an taɓa shi. Jiki yana yi wa duk roba wata 'yar jaka ta tantani ya kewaye ta, wannan ba matsala bace, matsalar in jakar tayi kauri ta matse robar. Suna auna shi da ma'aunin Baker daga 1 zuwa 4, tauri da canjin siffa shine 3, in da ciwo shine 4, yadda kika kwatanta kina can ƙarshe. Sai an cire jakar nan, kuma da yawa za su so su canza wa sabuwar robar mazauni su mai da ta ƙarƙashin tsoka, don a can taurin bai cika dawowa kamar na saman tsoka ba, kuma tsokar tana rufe gefen robar kada a riƙa ganin ninkinta ta fata. Illarsa ciwon satin farko ya fi, kuma in kin matse ƙirji kamar wajen ɗaukar yaro nonon zai ɗan motsa. Anan ma 300 ya fi 400 sauƙin zama, don bayan an cire jakar abin da ya rage na nama siriri ne. Sai dai tunda ƙasa za ki yi daga 350, tsohon gurbin zai yi wa sabuwar yawa kamar ƙafar yaro a takalmin babba, sai an ɗinke shi daga ciki ko a yi sabo, in ba haka ba in kin kwanta rigingine za ta gangara hammata. Ki tambayi likita na farko kai tsaye yaya zai yi da gurbin. Na biyun kuma ki tambaye shi me zai riƙe giram 400 daga ƙasa kada ya sulale ya bar kan nono a sama.

Kuma ba dole bane ɓangarorin biyu su zama lamba ɗaya, in naman ɗaya ya fi na ɗayan ana sa 300 nan 325 can, a tebur ake gwadawa da robar gwaji a ɗaga mara lafiya zaune a duba.

A cikin kaya fa? Mai dogon tudu yana cika sama yayi zagaye, ko a cikin abaya ana gane shi, ke kuma kin ce baki son a gane a gidan biki a Agege. Matsakaicin yana gangarowa a hankali kamar na halitta, ɗagewar kuma ita za ta baki tsayuwar da kike nema, har ma za ki ga kamar ya fi na da cika alhali robar ta ragu da 50. Zancen ina son in zama C ko D ki manta da shi, rigar mama ta Balogun da ta kanti lambarsu bata zama ɗaya. Gara ki zuba shinkafa a safa, ki auna da kofin awo mai lamba, mil 300 a biyu 400 a biyu, ki sa a rigar mama mara soso ki yini da ita kina aikin gida, ki gwada da ɗinkin atamfa da doguwar riga. Amma a wajenki gwajin ba zai fito daidai ba tunda tsohuwar tana ciki, don haka ba ɗorawa za ki yi ba, nauyin kawai za ki ji a hannu da kafaɗa, siffar kuma ki sa likita ya nuna miki hotunan matan da yayi wa gyara, gyara fa ba aikin farko ba, masu fata irin tamu, bayan shekara ɗaya ba bayan wata ɗaya ba.

Kuɗi, na farko ya fi tsada don ya fi daɗewa a tiyata, aiki biyu ne a haɗe. Na biyu ya fi sauƙi yau, amma in ya kai ki aiki na uku lissafin ya juye, ga robar da dala ake sayenta. Kowace tela ta san gyaran ɗinki ya fi sabon yadi wuya, kowane gyara kuma yadin raguwa yake.

Akwai hanya ta uku da babu wanda ya faɗa miki a cikinsu, a cire robar gaba ɗaya a ɗage naki na halitta, in kina da naman da zai isa. Ki tambaya, ko ba za ki yi ba ki ji amsar.

In ni ce, da bayanin da kika bayar, na farkon zan ɗauka, sai dai in tabonki na tashi ne sosai, nan kam sai an zauna an auna wanne ya fi dama-dama. In kuma kina shirin ƙara haihuwa nan kusa to ɗagewar ta jira, ciki zai warware ta kuma tana iya taɓa shayarwa, a magance mai ciwon kawai tukuna. Haka in baki daɗe da yaye ba, a bar nonon ya huce ya koma girmansa na wasu watanni kafin a auna.

Kafin komai ki nemo katin robar da aka baki bayan aikin farko, yana ɗauke da sunan kamfani da lamba da girma. Dalili, a 2019 kamfanin Allergan ya janye robobinsa masu kaushin baya da ake kira Biocell daga kasuwa a duniya saboda alaƙarsu da wata nau'in sankara da ba a cika samu ba mai fitowa a jakar da ke kewaye da robar, naki kuma an saka kafin wannan lokacin. Kada ki tsorata, hukumar FDA mai kula da magunguna ta Amurka ma bata ce duk mai ita ta cire ba in bata da alamar komai, amma ke da za a buɗe ki dama, ya kamata likita ya sani don ya san yadda zai yi da jakar ya tura ta gwaji, musamman in nonon ya taɓa kumbura farat ɗaya ko ya tara ruwa. Sabuwar kuma ki tambaya mai santsi ce ko mai kaushi, ki ga kwalinta, ki karɓi katinki. Ita FDA ɗin tun 2020 shawararta mai silikon tayi sikanin ko MRI bayan shekara 5 zuwa 6, daga nan duk shekara 2 zuwa 3, don silikon yana iya fashewa a ciki shiru baki sani ba. Ke shekara 8 kin ce baki taɓa yi ba, to kiyi kafin ki biya ko sisi, sakamakon zai iya canza tsarin aikin duka.

Likitan kuma ki tabbatar ƙwararren tiyatar gyaran jiki ne na gaske ba mai shafin Instagram kawai ba, yana da rajista da hukumar likitocin Najeriya MDCN, asibitin yana da rajistar HEFAMAA, hukumar sa ido kan asibitoci ta jihar Legas, ki tambaya ko yana cikin ƙungiyarsu ta NAPRAS, kuma wa zai baki maganin barci, likita ne ko wa. Tunda biyun sun saɓa, ki je ki ji ta bakin na uku wanda ba shi zai yi aikin ba, akwai sashen a asibitin koyarwa na LUTH nan Idi-Araba akwai a asibitin ƙashi na Igbobi, layin dai sai haƙuri, ki fita tun asuba. In katin ya ɓata ki rubuta wa asibitin can su turo miki takardar aikin, su kan ajiye. Mun iso Ikeja zan sauka, in kin samo katin ki faɗa min abin da ke rubuce a kai.