Sayen kyamarar ɗaukar karen farauta a Ingila

'Yan'uwa na gida, musamman masu ɗaukar hoto da ke bin 'yan farauta daji, ga abin da ake yi a shagunan kyamara na nan Ingila. Galibi in an kasa kyamarar hannu, wato wadda aka taɓa amfani da ita, an rubuta sau nawa aka danna ta tun fitowarta daga kamfani, an rubuta inda ta ƙuje, in akwai ƙura a cikin gilashinta an faɗa, sannan a ba ka garantin wata shida ko shekara guda. Dillalin intanet irin MPB ma hoton ainihin wadda za a aiko maka yake sakawa, ba na sabuwa ba. Wannan 'yar takardar bayanin kyamara ta tsaya mini a rai ƙwarai, domin adadin dannawa a kyamara tamkar kilomita ne a mota. Nikon D500 da Canon 7D Mark II duk kamfanoninsu sun ƙiyasta musu dannawa 200,000. In ka ga an rubuta 30,000, da sauran ƙarfinta. In 180,000 ne, sai ka nemi ragi ko ka wuce. Mai bin kare a guje kuwa, da ke ɗaukar hoto goma a daƙiƙa ɗaya, shi ya fi kowa buƙatar sanin wannan lamba.

Doka ma tana bayan mai saye. Abin da ka saya ta intanet, kana da kwana 14 ka fasa ba tare da ka ba da dalili ba. In ya zo da aibi, dokar masu saye ta 2015 ta ba ka kwana 30 ka mayar a biya ka kuɗinka. Mu fa? Rasit ɗin ma a ƙasansa an buga cewa kayan da aka saya ba a mayarwa. Ka tambayi mai shago tarihin kyamara, sai ya rantse maka 'yar Beljiyom ce, wata Baturiya ce ta riƙe ta, ya shiga lissafa maka megafiksel. Haba jama'a! Megafiksel 20 ya ishi hoton da za a buga a rataye a falo. Ba shi ke kama kare ba.

Abin da ke kama kare shi ne saurin ƙyaftawar kyamara da iya bin abin da ke motsi. Karen da ke gudun kilomita 40 a awa yana cin kimanin mita 11 a daƙiƙa. In ka sa ƙyaftawa a 1/250 na daƙiƙa, kafin kyamara ta rufe ido ya matsa fiye da santimita huɗu, shi ya sa ƙafafu da fuska ke fitowa a dame. Mafi ƙaranci 1/1000. In kanka ya nufo, 1/2000. Fokas kuma a bar shi a kan mai bin motsi, wanda Nikon da Sony ke rubutawa AF-C, Canon kuma Servo. Da yawa a nan suke faɗuwa: fokas ya tsaya inda kare yake ɗazu, sai ka ga wutsiya tar, ido ya ɓace.

Tun 2019 Sony ta sa wa kyamarorinta na sabon samfuri, marasa madubi a ciki, fasahar gane idon dabba, sauran kamfanoni suka bi. Canon R7, wadda ta fito a 2022, tana gane kare, tana ɗaukar hoto 15 a daƙiƙa, 30 in ka sa ta a yanayin da ba ta ƙara. Yanayin shirun yana da amfani kusa da abin farauta, amma in kana juya kyamara da sauri yakan karkatar da bishiyoyin baya. Gane idon ma ba ya cika aiki a kan baƙin kare kamar Labrador, wanda suke ji da shi a nan, don ido da gashi launinsu ɗaya. Ciyawa kuma in ta gitta gaba sai ta sace fokas. Maganinsu ɗaya: ka rage yankin fokas ya zama ƙarami, ka ɗora shi a kan kan kare da hannunka, ka durƙusa daidai tsayin kare. A ganina D500 ta hannu, duk da tun 2016 take kuma ba ta san idon dabba ba, har gobe tana wannan aiki, kuma batirinta ya fi na marasa madubi jimawa.

Kuɗin ya fi dacewa a gilashi. Wanda ake yayi shi ne mai zuƙowa daga milimita 70 zuwa 200. Mai f/2.8 na kyamarar madubi yana kai kilo ɗaya da rabi, mai f/4 kusan rabin haka a nauyi. A nan dole tasa ake ɗaukar mai nauyin, don ya fi shigar da haske. Lokacin harbin tsuntsunsu na fezan, mai kama da zabo, daga 1 ga Oktoba ne zuwa 1 ga Fabrairu, tsakiyar sanyi, rana na faɗuwa kafin ƙarfe huɗu a Disamba, ga yayyafi ba ƙaƙƙautawa. Sai ka kai ISO, wato ƙarfin jin hasken kyamara, 3200 ko 6400, hoto ya yi tsaki-tsaki. Sanyi na shanye batir, don haka na biyu a aljihun ciki yake zama. Ka shigo mota mai ɗumi da kyamara a buɗe, gilashi ya yi raɓa har ciki. Ga shi daji duk mai shi, in ba ta hanyar jama'a ba, ba ka taka gona sai da izini. Ana shagwaɓa kare da inshora da riga, amma filin da zai yi gudu sai an roƙa.

A nan ne gida ke faɗo mini. Bayan an kwashe amfanin gona, hantsin hunturu, 'yan farauta sun fito da ganga da kirari, siraran karnuka suna jan igiya, zomo ya tashi daga kara. Hasken da muke da shi kyauta, Bature da kuɗi ba zai saye shi ba. Da f/4, kai har 5.6, za ka samu 1/2000 ba tare da ka wahalar da ISO ba. Amma hotunan da ake yaɗawa na farautarmu kusan duk na waya ne, kare ya zama ɗigo a cikin ƙura, saboda an ɗauki karen farauta abin da bai isa a ɗauka ba, alhali Suratul Ma'ida ta halatta abin da horarren kare ya kamo.

Abokin gabarmu ƙura ce. Kada ka canza gilashi a daji, ka ɗaura ɗaya tun daga gida. Ka sa masa murfin kariya na gilashi a gaba, ka riƙe 'yar robar hura iska, ka hure kafin ka goge. Bakin riga kuma ba abin goge gilashi ba ne, yashin da ke jikinsa ke yin zane. Katin memori ya zama mai sauri, wato UHS-II mai alamar V60 ko V90 in kyamararka na karɓa, in ba haka ba tana cikin ɗauka za ta cije tana jiran kati, daidai lokacin da kare ya cim ma zomo.

In a gida za ka saya, ka tafi da katinka. Ka ɗauki hoto ɗaya da kyamarar, ka loda shi a shafukan da ke karanta adadin dannawa; Nikon da yawancin Sony suna ɓoye lambar a cikin hoton. Canon sai an jona ta da kwamfuta mai manhajar dubawa. Sannan ka sa f/16 ka ɗauki farin bango, duk ƙurar da ke kan sensa, wato wurin da hoto ke sauka a cikin kyamara, za ta fito baƙi-baƙi. Ka sa yaro ya rugo gare ka daga nesa, ka danne maɓalli, ka duba hoto nawa ne idonsa ya fito tar, kafin ka ƙirga kuɗi.