Wasiƙa Daga Ohayo: Yadda Muka Zaɓa wa Yaro Kulob ɗin Ƙwallon Kwando

Yaya, bayan gaisuwa da fatan kana lafiya tare da iyali baki ɗaya, ka tambaye ni dalilin da ya sa ƙwallon kwandon da ɗanka yake bugawa a nan Kolumbus take cin kuɗi haka, alhali a Zariya takalmi kawai yaro yake nema ya tafi fili. Gaskiyar magana ita ce a Amurka wasan yara haja ce da ake kasawa a kasuwa, kuma uban da bai san kan kasuwar ba sai ya biya kuɗin mai kyau ya kwaso maras kyau.

Makarantu suna buga tasu kakar daga Nuwamba zuwa wajen Maris, akwai kuma wasannin unguwa irin na ƙungiyar matasa ta YMCA masu sauƙin kuɗi. Da makaranta ta gama, sai kulob-kulob masu tafiye-tafiye su karɓi yaran har zuwa Yuli. Mutane suna kiransu duka da AAU, sunan wata ƙungiyar wasanni da aka kafa tun 1888, ko da yake da yawansu ba sa ƙarƙashinta. Abin da ya kamata ka sani shi ne kusan kowa yana iya buɗe kulob: ya kama hayar zauren wasa na wata makaranta, ya buga riguna, ya laƙaba masa suna mai nuna cewa na zarata ne, sannan ya kira gwajin tantance yara a watan Fabrairu ko Maris. Saboda haka girman suna ba ya nuna komai game da abin da yaro zai koya.

Kuɗin shiga da na gani ya kama daga 'yan ɗaruruwan daloli zuwa dubbai a kaka guda, kuma wannan somin taɓi ne. Akwai man mota zuwa Indiyanapolis ko Luwibil, tafiyar awa uku ko fiye, ga abinci a hanya. Gasa da yawa suna tilasta wa ƙungiyoyin da suka zo daga nesa su sauka a otal ɗin da masu gasar suka zaɓa, ko da kana da ɗan'uwa a garin da zai ba ka masauki. Abin da ya fi sosa mini rai shi ne uba sai ya biya a bakin ƙofa kafin ya shiga ya kalli ɗansa, bayan ya riga ya biya kuɗin da aka sa ƙungiyar a gasar da shi.

Ba zan ɓoye abin da suka fi mu ba. Daɓen katako ne mai santsi maimakon siminti mai cin gwiwa, alƙalan wasa suna zuwa kan lokaci, jadawali yana shigowa waya, kuma kulob na gari yana da inshora idan yaro ya ji rauni. Ana kuma binciken tarihin masu horarwa kafin a damƙa musu yara. Lasisin koci na USA Basketball, hukumar ƙwallon kwando ta Amurka, ya haɗa da wannan bincike da horo kan kare yara daga cin zarafi. Wannan abu ne da nake fatan mu ɗauka a gida. Sai dai akwai abin da muke da shi wanda kuɗi bai saya musu ba, wato koci da yake ɗaukar yaro tamkar nasa. A filin Jami'ar Ahmadu Bello Koci Oliver Johnson ya shafe shekaru yana koyar da yara, kuma a hannunsa Masai Ujiri ya taso, wanda ƙungiyar Toronto ta ci kofin NBA, babbar gasar ƙwararru ta Amurka, a 2019 yana shugabanta. A nan kuwa na ga masu horarwa da ba su san ajin da yaro yake a makaranta ba.

Shi ya sa da muka tashi zaɓe ban je kallon gasa ba, atisaye na je na kalla. A gasa kowane koci yana ihu, amma a atisaye ne ake gane wanda yake tsayar da wasa ya gyara wa yaro tsayuwar ƙafa, ya tilasta masa sarrafa ƙwallo da hannun hagu. Wasu ƙungiyoyin suna buga wasa huɗu ko biyar a ƙarshen mako alhali atisayensu bai wuce sau ɗaya ba, yaro ya gaji bai ƙaru da komai ba. A 2016 NBA da USA Basketball sun fitar da shawarwari cewa kada yaro ya keɓe kansa ga ƙwallon kwando ita kaɗai kafin ya kai shekara 14, kuma ya riƙa samun hutun aƙalla kwana guda a mako. Na tambayi kowane koci ra'ayinsa a kan wannan, kuma amsoshinsu sun rage mini aiki ƙwarai. Na kuma tambayi yawan yaran da ke ƙungiyar, domin biyar ne suke shiga fili, idan aka tara sha biyu ko fiye to wasu benci iyayensu suka saya musu. Idan ɗan koci yana cikin tawagar, yana da kyau a ji daga bakin iyayen da suka bar kulob ɗin. Kuɗi kuwa a rubuce na nema, da bayanin abin da za a mayar idan yaro ya ji rauni a tsakiyar kaka.

Babban abin da ake jan iyaye da shi shi ne tallafin karatu a jami'a. Lallai akwai manyan gasanni na kamfanonin takalma, kamar EYBL ta Nike da aka fara a 2010, wadda ake kammalawa da gasar Peach Jam a jihar Karolina ta Kudu a watan Yuli, kuma Adidas da Under Armour suna da nasu. Can ne masu horarwa na jami'o'i suke zuwa duba 'yan wasa, amma 'yan manyan azuzuwan sakandare suke dubawa, ba yaro ɗan shekara 12 ba. Alƙaluman hukumar NCAA mai kula da wasannin jami'o'in Amurka sun nuna cewa cikin samari ɗari da ke buga wa sakandare, kusan ɗaya ne yake kaiwa rukunin farko na jami'o'i. Duk wanda ya yi maka alkawarin tallafin karatu tun yaro yana ƙarami, kuɗinka yake so.

Mun tsaya a kan wani matsakaicin kulob da ke kusa da gida, wanda yawancin gasanninsa a cikin Ohayo suke. Kocin ya yarda yaron ya riƙa zuwa Islamiyya ranar Lahadi da safe idan babu wasa, kuma da azumi ya rage masa gudu ba tare da ya cire shi daga 'yan biyar ɗin farko ba. Game da ƙaraminka da ka ce yana sha'awar wasan, shawarata ita ce ya ci gaba da zuwa filin jami'a, ya kuma yi ƙoƙari ya shiga tawagar makarantarsu don gasar Milo ta sakandare. Ka aiko mini da lambar takalminsa, zan ba mai zuwa gida ya kawo masa. Ka gaishe mini da Hajiya da yaran duka.