Kwalin tab ya ce giga 256, cikinsa bai wuce 32 ba

Ana yawan tambaya ko mutum ya sayi tab, wato na'urar nan mai kama da babbar waya da ake kira tablet, ko ya ƙara kuɗi ya ɗauki laftof ta hannu, ko ya haƙura da wayar da ke aljihunsa. Ni tab na saya, mai inci 10.1, irin waɗanda suka cika kantunan kasuwar waya yanzu, masu zuwa da kibod da maus da biro da jaka duk a kwali guda, da sunan kamfanin da ba ka taɓa ji ba. Farashin kun san shi, bai kai rabin na manyan kamfanoni ba. A jikin kwalin an rubuta RAM, wato wurin da na'ura ke riƙe aikin da take kai, giga 8, ma'adana giga 256, batir 10,000mAh, sannan ga 5G da manyan baƙaƙe. A cikin huɗun nan babu ko ɗaya da ya tabbata.

Ma'adanar ce ta fara tona asiri. Na jona filashi ta OTG, ɗan kan da ke haɗa filashi da waya ko tab, na shiga kwafe littattafan PDF da bidiyon darussa, kusan giga 60. Da abin ya doshi giga 25 bai tsaya ba, bai ce wuri ya cika ba. Ya ci gaba da ƙirga, kashi 70, kashi 90, har ya ce an gama. Sunan kowane fayil yana nan, girmansa yana nan daidai. Sai ka taɓa bidiyo ka ga baƙi ƙirin, ka taɓa PDF ya ce fayil ya lalace. Waɗanda aka fara kwafewa ne kaɗai ke buɗewa, duk abin da ya biyo baya fanko ne. Ka shiga saiti kuma ka tarar yana ta rantsuwa cewa akwai sauran wuri da yawa.

Ga abin da ke faruwa. Guntun ma'adanar da aka manna a allon tab ɗin na giga 32 ne, Android da manhajojin da ya zo da su sun cinye kusan 7. Sai aka taɓa manhajar na'urar ta riƙa faɗin 256 ga duk wanda ya tambaye ta. Abin da ya wuce iyakar gaskiya ba shi da inda za a rubuta shi, sunansa kawai ake shigarwa a jerin fayiloli. Kamar buhun da aka zuba wa shinkafa a sama ne, ƙasa duk ƙaiƙayi. Abin da ya fi ci mini rai shi ne ba ya gargaɗi. Da zarar wurin gaskiya ya cika, hoton da ka ɗauka da takardar da aka turo maka ta WhatsApp suna iya lalacewa ba ka sani ba, sai ranar da kake neman su. Wanda ya goge na cikin filashinsa don ya ga an ce an gama kwafi, to sai haƙuri.

Gwajin wannan ba shi da wuya, kuma a gaban mai shago ake yin sa kafin kuɗi su bar hannunka. Ka tafi da filashi mai bidiyo sama da giga 40 da kan OTG. Ka kwafe su duka, sannan ka buɗe na ƙarshe, ba na farko ba, ka ja shi zuwa ƙarshen bidiyon ka ga ko yana tafiya. Zai ɗauki lokaci, mai shago zai ƙosa, ka bar shi ya ƙosa. Idan ya hana gwajin gaba ɗaya, ka samu amsarka.

Manhajojin duba na'ura irin su CPU-Z da AIDA64 da Device Info HW suna taimakawa, amma kada ka tsaya a layin RAM da na ma'adana, domin masu wannan aika-aika sun iya sa su ma su faɗi ƙarya. Wurare biyu ake dubawa waɗanda sukan manta su gyara. Na farko tsarin furosesa: idan ka ga armv7l, mai bit 32 ne, tsohon yayi, kuma ba a haɗa irinsa da RAM giga 8. Na zamani aarch64 yake nunawa. Na biyu lambar API, wadda ke nuna ainihin zubin Android ɗin da ke ciki. Android 13 lambarsa 33, Android 14 lambarsa 34. Nawa a saiti ya ce Android 13, lambar API kuwa 27, wato Android 8.1 ne na shekarar 2017 aka yi wa kwalliya. Shi ya sa wasu manhajojin ma ba sa bayyana a Play Store idan ka neme su a kansa.

Maganar RAM tana da wani sashe da har kamfanoni masu suna suke yi. Idan ka ga an rubuta 4+4 ko 8+8, lambar farko ce RAM ta gaskiya. Ta biyun yanki ne da aka ara daga ma'adana, kuma ma'adanar eMMC da ake sa wa masu araha ba ta ko kusa da RAM a sauri. Tana ɗan hana manhaja rufewa a bayan fage, amma ba ta sa tab ya yi gudu.

5G ɗin nan kuwa na Wi-Fi ne, wato zangon 5GHz, ba ruwansa da sabis ɗin 5G na layi. Da na sa sim, 3G ya tsaya. Mai son tab mai ɗaukar layi ya duba ko yana da zangunan 4G da kamfanonin Najeriya ke aiki da su, wato 3 da 7 da 20 da 28. Batir ma lissafi ne mai sauƙi. 10,000mAh a kan volt 3.8 ya kama wat-awa 38, cajar wat 10 ba za ta cika shi ƙasa da awa huɗu ba, a zahiri ma sai ya doshi biyar. Nawa kuwa daga sifili awa biyu yake cika. Ke nan bai wuce 5,000 ba.

Da duk wannan, wallahi akwai abin da ya ba ni mamaki, kuma shi ya hana ni cewa tab ɓarnar kuɗi ne. Karatu. Shafin PDF mai girman A4 yana fitowa gaba ɗayansa ka karanta ba sai ka yi ta buɗa shi da yatsu biyu kana jan sa hagu da dama ba, yadda ake fama a waya. Shafin mushafi mai layi 15 yana zama cif, wasulla a fili. Mai bitar hadda, da ɗalibin da malamai ke tura wa takardun lacca ta WhatsApp, da dattijon da idonsa ya fara rauni, duk za su ga bambanci tun ranar farko. Kuma wannan a sikirin mai 1280 da 800 ne, wanda a inci 10.1 yake ba da ɗigo 149 kacal a kowane inci, har kana ganin gefen baƙaƙe yana ɗan karce. Mai 1920 da 1200 yana ba da 224, shi ne mafi ƙarancin da zan ce mai yawan karatu ya saya. iPad ya fi kowa dacewa da shafin littafi saboda fuskarsa ta fi kusa da murabba'i, na Android yawanci dogaye ne, sun fi dacewa da kallo.

Ta fannin wuta ma tab ya yi wa laftof nisa. Yana caji da fawa banki ko ƙaramar sola, cajar waya ma tana yi masa. Fawa banki mai 20,000mAh yana cika tab na gaskiya mai batir 7,000 ko 8,000 sau ɗaya har da ragi mai yawa. Laftof tana neman cajar wat 45 ko 65, kuma ta hannu sau da yawa batirinta ya riga ya gaji, awa ɗaya da rabi ta mutu. A unguwar da ake kwana biyu ba a ga wuta ba, wannan ba ƙaramar magana ba ce.

To amma ka zo aiki, nan fa tab yake nuna iyakarsa, ko na gaskiya ne mai tsada. Word da Excel na tab ba irin na kwamfuta ba ne. Microsoft yana barin a yi gyara kyauta ne a sikirin da bai wuce inci 10.1 ba, wanda ya fi haka sai da rajistar Microsoft 365, ke nan mai inci 11 da ka ƙara wa kuɗi zai buɗe maka takarda ka karanta amma ba za ka gyara ba sai ka biya. Excel ɗin ba ya tafiyar da makuro, wato ƙananan umarnin da ake dasawa a takarda su riƙa yin aiki da kansu, don haka duk takardar lissafin ofis ko ta sakamakon jarrabawa da aka gina da su za ta buɗe, maɓallanta ba za su yi komai ba. Ɗalibin da zai rubuta furojet mai babi biyar da teburin abubuwan ciki da lambobin shafi iri biyu zai sha wahala, a ƙarshe ya koma shagon kwamfuta a gyara masa da kuɗi. SPSS da AutoCAD cikakke da CorelDRAW na masu zanen kati da allon talla duk na kwamfuta ne. Tsofaffin firintocin da ke ofisoshinmu masu igiyar USB direban Windows suke nema, wato manhajar da ke sa kwamfuta ta gane su. Filashi ko hadis ɗin kwamfuta (hard disk) da aka tsara da NTFS, tsarin ajiyar fayil na Windows, wasu tab ɗin ba sa ganin sa, wasu su karanta amma su ƙi rubutawa. Ka mai da shi tsohon tsarin FAT32 kuma, fayil guda ba zai wuce giga 4 ba. Samsung suna da DeX a wasu tab ɗinsu mai sa fuskar ta koma kamar ta kwamfuta da tagogi, yana rage zafi, amma manhajojin dai na Android ne.

Kibod ɗin da ya zo a kwalin nawa kuwa, kai! Na bulutut ne, ƙarami, idan ka yi minti kaɗan ba ka taɓa shi ba sai ya yi barci, ka danna baƙi biyu ko uku su ɓace kafin ya farka. Biron roba ce kawai a bakinsa, ba ya jin nauyin hannu, kuma da ka ɗora tafin hannunka a gilashi sai zane ya watse. Kyautar da ke jan mutane ke nan, araha dai ba ta ado.

Mai aikin rubutu da lissafi, da kuɗin tab mai kyau gara ya nemi laftof ta hannu irin ta ofis, ThinkPad ko EliteBook ko Latitude. Ana buɗe yawancinsu a ƙara RAM, a sa SSD, wato ma'adana mai sauri, a canza batir, kayan gyaransu kuma suna nan a kasuwa. Sai dai ya lura Microsoft ya daina tallafa wa Windows 10 tun 14 ga Oktoban 2025, Windows 11 kuma a hukumance yana neman furosesan Intel ƙarni na 8 zuwa sama da TPM 2.0, wani guntun tsaro da ke cikin kwamfutar. Lambar farko bayan i5 ko i7 ita ke nuna ƙarnin, i5-8250U na takwas ne, i5-6300U na shida, daga ƙarni na 10 kuwa lambobi biyun farko ake dubawa.

Tab ba ya maye gurbin waya, wannan kada ma a fara. iPad mai ɗaukar sim data kawai yake yi da shi, ba ya kiran layi, ba ya danna lambobin USSD na banki ko na duba kati, wanda mu nan da su muke rayuwa. iPad mai Wi-Fi zalla kuma ba shi da GPS. WhatsApp ya fito a iPad a 2025, a tab na Android ma ana haɗa shi da na waya a matsayin na'ura ta biyu, to wayar dai tana nan daram. Mai sayen iPad na hannu ya tabbata an cire asusun iCloud na tsohon mai shi a gabansa, an goge shi an kunna daga farko, in ba haka ba ranar da ya kulle babu mai gyaran da zai buɗe shi ta hanyar ƙwarai.

Na so in tsaya a kan cewa tab abu ne mai kyau ga mai karatu da kallo, matuƙar yana da waya kuma ba ya jiran ya yi masa aikin ofis. Har yanzu ina kan haka, idan na kamfanin da aka sani ne, RAM giga 4 ta gaskiya zuwa sama, ma'adana 64 ko 128. Amma duk lokacin da na tuna manhajar banki sai raina ya sake ɓaci. Ta ƙi buɗewa sam a tab ɗin nawa. Na shiga Play Store, saiti, sashen bayani, ƙasa can inda ake nuna shaidar Play Protect, sai ga shi an rubuta na'urar ba ta da shaida. Wato Google bai san da zamanta ba, babu kuma tabbacin za ta samu sabuntawar tsaro. Manhajar DRM Info ta nuna Widevine L3, ma'ana Netflix ba zai ba ta hoto mai kyau ba ko datarka ta kai ina. Irin wannan na'ura ban yarda a sa mata imel na aiki ko lambar sirrin banki ba ko da ta karɓa, tunda wanda ya iya sa ta yi ƙarya a kan ma'adana ba ka san me kuma ya dasa a ciki ba.

Mai shagon da na mayar masa bai musa ba. Ya ce shi ma haka aka kawo masa, kuɗi ba sa dawowa, sai dai canji, ya jawo wani kwalin mai launi daban da lambobi iri ɗaya. Masu gyara kuma sun ce in gilashinsa ya tsage sai dai a auna shi da ruwula a nemi mai kama da shi, a duba lambar da ke jikin siririyar igiyar taɓawa, don lambar samfurin da ke bayan tab ɗin ba ta kai ka ga komai. Yanzu na goge shi, na bar abin da ke ciki ƙasa da giga 20, babu asusun kowa a kai, yara suna kallon darussan da aka sauke.