Gargaɗi ga masu kiwon kaji: ana sayar da tsakin zakaru da sunan mata

Jama'a, a kula da masu tallan 'yan tsaki a Facebook da WhatsApp, masu cewa "duka mata ne, 'yan kwana ɗaya, a farashi mai rahusa". Da yawansu zakaru suke turo wa mutane cikin kwali.

Kamfanonin ƙyanƙyasar kaji masu ƙwai mata suke nema, amma kusan rabin abin da ya fito daga inji maza ne. Namijin irin wannan kaza ba ya ƙwai, ba ya kuma tara nama da wuri, saboda haka ko a hallaka su tun ranar farko, ko a rabu da su a arha. Jamus ma sai da ta kafa dokar hana kashe su daga farkon 2022. Waɗannan mazan ne ɗan damfara yake kwasowa ya sa musu kuɗin mata. Ya san asirinsa ba zai tonu da wuri ba: zankon namiji ba ya fara girma da yin ja sai mako 4 zuwa 6, dogayen gashin wuya da na gadon baya masu tsini sai wajen mako 12, ita kuma sagara ba ta fara ƙwai sai ta kai mako 18 zuwa 20. Kafin mai kiwo ya ji cara ta cika masa akurki, buhunan abinci sun ƙare, kuɗin rigakafi ya tafi, lambar mai sayarwa kuma ta daina shiga.

Abin da ya fi ba ni haushi shi ne wasan kwaikwayon da suke yi a bidiyo don su nuna ƙwarewa. Wani zai riƙe ɗan tsako ta ƙafa, kai a ƙasa, ya ce wanda ya yi fafutuka namiji ne. Wani zai rataya allura da zare a kansa yana kallon yadda take lilo. Duk canki-canka ne, kuma a abu mai fuska biyu ko makaho zai dace a rabi. Haka masu sayar da ƙwai wai mai tsini namiji, kewayayye mace. Siffar ƙwai daga kazar da ta saka shi take, ba ta bayyana abin da ke ciki.

Akwai hanyoyin gaskiya, sai dai kowace da iyakarta, kuma a kan iyakar nan ake cutar mutane. Duban dubura a Japan aka gano shi, Kiyoshi Masui da Juro Hashimoto suka wallafa bayaninsa a 1933. Aiki ne na ƙwararru da suka daɗe suna horo, domin ɗan kumburin da ake nema a cikin duburar tsako, wanda ke nuna namiji ne, ƙanƙani ne ƙwarai, kuma matsa cikin ɗan tsako ba da sani ba na iya kashe shi. Wanda ya busa gindin tsako sau ɗaya ya ce "mace ce", ba wannan aikin yake yi ba.

Duban fuffuke shi ne aka fi fakewa da shi, tunda akwai ƙamshin gaskiya a ciki. A tsakin da aka tsara don haka, dogayen gashin fuffuken mace sun zarce na saman da ke rufe su, na namiji kuwa kai ɗaya suke ko ma na saman sun fi tsawo. Amma wannan ba ya aiki sai an haɗa zakara mai saurin fitar gashi da kaza mai jinkirin fitar gashi, kuma a kwanakin farko kaɗai ake ganinsa. A duk wani irin tsakon da ba wannan ba, buɗe fuffuke ɓata lokaci ne.

Launi ya fi sauƙi ga mai saye. A jajayen kaji masu ƙwai irin su ISA Brown da Lohmann Brown, mace tana fitowa ja-ja, namiji kuwa fari mai ruwan ɗorawa. Idan an ce maka ISA Brown ne ka buɗe kwali ka ga fari fat, mayar masa da kayansa. Waɗannan fararen mazan kuma su ne ake sake yi wa suna a sayar a matsayin kajin nama, don a kwana ɗaya sun yi kama. Kazar nama ta gaskiya tana kai kilo 2 cikin mako 6, zakaran masu ƙwai kuwa ko kusa ba ya zuwa.

Kafin ka tura kuɗi, tambayi sunan irin, da kamfanin da ya ƙyanƙyashe su, da ranar da suka fito, da hanyar da aka bi aka ware su. Nemi rasit da aka rubuta cewa mata ne, da alkawarin musanya in maza sun yi yawa. Ko kamfanin kirki akan samu namiji ɗaya ko biyu sun kuɓuce cikin kwali, shi ya sa mai rantsuwar "ɗari bisa ɗari" a kan irin da ba a ware shi da launi ko fuffuke ya fi ba ni tsoro. Wanda bai iya bambancewa ba, gara ya ƙara kuɗi ya sayi waɗanda suka kai mako 8, zanko ya riga ya fito, ya duba su ɗaya bayan ɗaya kafin ya biya.