Nosferatu na 1922: wane faifai za ka saya, wane za ka guje wa

Shekaru kaɗan da suka wuce na ɗauki kuɗin cefanen sati biyu na sayi faifan Nosferatu, tsohon fim ɗin tsoro na Jamus marar sauti, a wurin wani mai shago a intanet. A tallarsa ya rubuta cewa kwafi ne mai wuyar samu, cikakke, ba a yanke ko daƙiƙa ɗaya ba, kuma an gyara shi tsaf. Wata guda cur ina jira. Ranar da ya iso na kira ƙanena, muka tayar da janareta, muka kashe fitilar falo. Muna cikin kallo aka zo inda Orlok, dodon fim ɗin mai shan jinin mutane, ya sauko daga jirgin ruwa, ya rungumo akwatin gawarsa a hammata yana ratsa gari. Rana tsaka, tarwai, har inuwarsa kana gani a ƙasa. Ƙanena ya juyo ya ce, "Yaya, ba kai ka ce hasken rana ke kashe shi ba? To ga shi nan yana yawo kamar ɗan dako a Kantin Kwari." Ya yi ta dariya har da riƙe ciki. Kafin mu yi awa ɗaya da 'yan mintoci fim ya ƙare.

Laifin ba na Murnau ba ne, daraktan fim ɗin. A 1921 da aka ɗauki fim ɗin, kyamara ba ta iya kama hoto mai kyau a cikin duhu, don haka abin da ake nufi da dare da rana ake ɗaukarsa. Bayan an wanke fim sai a tsoma shi a ruwan rini, kamar yadda ake tsoma yadi a marina. Shuɗi na dare ne, ruwan ɗorawa na rana ko ɗakin da aka kunna fitila, ruwan hoda na ketowar alfijir. Mai kallo a Berlin a watan Maris na 1922 da ya ga shuɗi ya san dare ya yi. Faifan da aka sayar mini baƙi da fari ne zalla, babu rini ko ɗigo, wato an cire wa fim ɗin darensa gaba ɗaya. Fim ɗin tsoro kuwa in aka raba shi da dare me ya saura? Tun daga ranar launi ne abu na farko da nake tambaya, kafin ma in ji farashi.

Abin da ya sa kwafin wannan fim suka yi yawa kuma suka sha bamban, shari'a ce. Kamfanin Prana Film ya ɗauki labarin littafin Dracula na Bram Stoker ba tare da izini ba, ya sauya sunaye, ya mayar da labarin wani garin Jamus a 1838. Stoker ya rasu tun 1912, amma matarsa Florence na nan da ranta, ta kuma maka su a kotu. A 1925 kotu a Jamus ta ba da umarnin a lalata duk kwafin fim ɗin. Waɗanda suka tsira su ne waɗanda aka riga aka kai ƙasashen waje, kowanne da irin yankan da aka yi masa da irin rubutun da aka sa masa. A 1930 ma wani ya sake yanka shi a Jamus, ya ƙara wasu wuraren da Murnau bai ɗauka ba, ya sa masa sauti da sabon suna, Die zwölfte Stunde, ya kuma ƙare labarin da farin ciki. Saboda haka duk wanda ya ce maka yana da "na asali" kai tsaye daga hannun Murnau, ka riƙe aljihunka. Duk wani Nosferatu mai kyau da ke kasuwa yau haɗi ne, an tsinto nan an tsinto can an ɗinke. Tambayar ita ce wa ya yi ɗinkin, da wane yadi.

Ni dai in za a bi ta tawa, faifan Blu-ray na kamfanin Eureka da ke Ingila, cikin jerinsu na Masters of Cinema, wanda ya fito a 2013, shi ne sayen da ba a da-na-sani. Abin da ke cikinsa gyaran da Luciano Berriatúa, wani masani ɗan ƙasar Sifaniya, ya jagoranta ne a 2005 zuwa 2006 don gidauniyar Friedrich Wilhelm Murnau, aka yi aikin a ɗakin gyaran fim na L'Immagine Ritrovata a Bologna ta Italiya. Ginshiƙin aikin wani kwafi ne na 1922 da ke ajiye a rumbun adana fina-finai na Cinémathèque française a Paris, wanda har yanzu rininsa na asali ke jikinsa. Wato launin da kake gani ba ƙirƙirar wani mai kwamfuta ba ne, daga jikin fim ɗin wancan zamani aka kwaikwayo shi. Inda kwafin Paris ya yi giɓi an cike da wani da ya samo asali daga kwafin da aka tura ƙasar Cek a shekarun 1920, wasu 'yan wurare kuma daga wancan yankan na 1930 aka ciro su. Allunan rubutu, waɗanda ke tsayawa a madadin magana tunda fim ɗin ba shi da sauti, da Jamusanci suke, da irin zanen haruffansu na da, ga fassarar Turanci a ƙasa in kana so. Fim ɗin a kashi biyar yake, kowane kashi da allonsa, kamar yadda aka nuna shi tun farko.

Sai batun gudu, wanda mutane da yawa ba su lura da shi. Wannan gyaran yana tafiya a kan hoto 18 a daƙiƙa, shi ya sa yake kai kusan minti 94. Kwafin banza kuwa ana kora su a kan hoto 24, gudun fim mai sauti, ga kuma yanka, sai ka ga an tashi da minti sittin da 'yan kai. Illar ba a gajarta kawai take ba. Akwai inda Murnau da gangan ya sa abu ya yi sauri fiye da kima: keken dokin da ya zo ɗaukar Hutter, saurayin da aka aika wurin Orlok, a bakin daji, da inda Orlok ke loda akwatuna a kan amalanke. Saurin nan shi ke gaya maka cewa abin da kake gani ba na mutane ba ne. To in kowa a fim ɗin yana tsalle-tsalle kamar fara a kasko, har matar gida da ke ɗinki, ina bambancin? A faifan Eureka Max Schreck, wanda ya fito a matsayin Orlok, yana motsi a hankali, a sandare, kafaɗu a ɗage, sai ka ji kamar ba ya numfashi. Wurin da ya miƙe tsaye daga cikin akwati a ƙasan jirgi, kamar an ɗaga katako, a nan ana ganinsa sosai. A faifan da aka cuce ni da shi an datse masa saman kai.

Kiɗan ma abin a tsaya a kai ne. Hans Erdmann ne ya rubuta kiɗan da aka buga ranar buɗe fim ɗin. Cikakken rubutun ya ɓata, amma Berndt Heller ya sake gina shi daga ɓangaren da Erdmann ya wallafa daga baya, ƙungiyar makaɗan rediyon Saarbrücken ta buga. Wasu na cewa ya yi sanyi da yawa, bai firgita mutum. Ni sanyin ne ya burge ni, domin yana barin hoton ya yi aikinsa, ba ya tsikarinka kowane minti yana cewa ka ji tsoro. A cikin faifan akwai kuma fim ɗin bayani na kusan awa ɗaya da Berriatúa ya yi, inda ya bi wuraren da aka ɗauki fim ɗin, da sharhin murya na David Kalat wanda na saurara sau biyu ban gaji ba. Rumbunan gishirin Lübeck da aka mai da su gidan Orlok, da tashar jirgin Wismar, da tsohuwar fadar Orava a Silobakiya, duk suna nan har gobe.

Sauran fa? Na kamfanin Kino na Amurka, shi ma 2013, gyaran Berriatúa ɗin ne dai, har da ƙarin faifai mai allunan Turanci, amma an kulle shi a shiyyar A, wato injinan Amurka. Na BFI, cibiyar fina-finai ta Birtaniya, na 2015 ya dogara ne da tsohon gyaran Enno Patalas na 1995, abin da ke sayar da shi kiɗan James Bernard ne, mutumin da ya yi wa kamfanin Hammer kiɗan fina-finan tsoronsu. In ka riga ka mallaki na Eureka kuma kuɗi sun yi maka yawa, ƙara da shi. Tsofaffin DVD na kamfanin Image sun yi zamaninsu, a bar su su huta.

Maganar shiyya kada ka ɗauke ta da wasa. Faifan Blu-ray an raba su shiyya uku, Amurka tana A, Afirka da yawancin Turai suna B. Injin da aka yi don kasuwarmu zai karɓi na Eureka da na BFI. Amma injinan da ke hannun mutane da yawa na gwanjo ne, wasu daga Amurka aka kwaso su, don haka juya bayan naka ka duba harafin da ke jiki kafin ka tura kuɗi.

Yanzu ga inda nake so a buɗe kunne, domin wanda maciji ya sara in ya ga tsumma gudu yake. Fim ɗin ya tsufa har kowa na iya buga shi ya sayar, shi ya sa 'yan damfara suka yi masa caa. Yawancin na bogin daga tushe ɗaya suke, wani kwafi baƙi da fari da ya je gidan adana na MoMA a New York daga Faransa a shekarun 1940, aka yi ta kwafar kwafin kwafinsa har fuskoki suka zama farin tabo. Alamarsa mai sauƙi ce: sunaye. In ka ga allo ya ce Dracula, Harker, Nina, Renfield, ko ya kira garin Bremen, to shi ne. A gyararren fim sunayen su ne Orlok, Hutter, Ellen, Knock, garin kuma Wisborg. Ka ce wa mai sayarwa ya ɗauko maka hoton allo ɗaya daga cikin fim ɗin da hoton wurin dare ɗaya. In ya fara kame-kame, ka san cinikin biri a sama yake so ku yi.

Ka kuma nemi hoton bayan faifan kansa, ba na kwali ba. Kwali kowa na iya buga shi a shagon bugun katin biki. Faifan DVD da aka buga a masana'anta bayansa ruwan azurfa ne, wanda aka ɗura wa fim a kwamfuta kuwa yakan yi shunayya, kuma in ka karkata shi a haske za ka ga iyakar inda rubutun ya tsaya. A zoben tsakiya na faifan masana'anta akwai 'yan ƙananan lambobi da haruffan IFPI. Nawa da na juya shi washegari shunayya ne sak, takardar samansa ma har ta fara ɗagowa a gefe. Na rubuta wa mutumin, ya ce ai "bugu na musamman" ne, ƙalilan aka yi. Na sake rubutawa, shiru kake ji.

Kalmomin nan na "mai wuyar samu" da "wanda aka haramta" da "ba a taɓa gani ba" su ne tarkon. Mafi kyawun Nosferatu ba a ɓoye yake ba, a fili ake sayar da shi da sunan kamfani da sunan wanda ya gyara da sunan rumbun da aka ɗauko fim. Mai gaskiya yana alfahari da faɗin tushensa, maƙaryaci kuwa sai dai ya cika ka da kirari. Sabon salon da ya shigo kuma shi ne na masu zuba fim a manhajar kwamfuta ta shafe duk ƙwayoyin hoton, ta yi wa mutane fenti, ta ƙara gudu zuwa hoto 60, a rubuta 4K a manna. Fuskar Orlok takan fito sumul kamar an shafa mata man bilicin. Wannan ba gyara ba ne. Ƙwayoyin nan da ke rawa a hoto jikin fim ɗin ne, in aka goge su an goge har da gashin gira da saƙar tufafi. Akwai ma masu sa hoton fim ɗin Werner Herzog na 1979 ko na Robert Eggers na 2024 a kwali don su ja ido, alhali abin da ke ciki wancan tsohon baƙi da farin ne.

Ba wai ba a tsintar abin da ya ɓata ba. A 2011 an gano wasu 'yan daƙiƙoƙi na fim ɗin Dracula na 1958 da masu tace fina-finai na Ingila suka hana, a rumbun adana fina-finai na ƙasa a Tokyo, aka kuma mayar da su cikin fim ɗin. Amma irin wannan tsintuwa rumbu ne ke sanar da ita, jaridu su ɗauka, ba wani mai shago ne zai raɗa maka a saƙon waya ba. Kwanan baya wani ya turo mini cewa yana da London After Midnight, fim ɗin Lon Chaney na 1927, cikakke, in turo rabin kuɗi ya ajiye mini. Kwafin ƙarshe da aka sani na wannan fim ya ƙone a gobarar rumbun MGM a shekarun 1960, abin da ke yawo kawai haɗin hotunan tsaye ne da tashar TCM ta nuna a 2002. Na ce masa ya ɗauko mini minti ɗaya da Chaney ke motsi a ciki. Ya ce wayarsa ba caji.