Ilaiyaraaja da A.R. Rahman: maigida da yaronsa

Ɗan'uwa, ka tambaya me ya sa Tamilawa da yawa, mutanen kudancin Indiya, suke ɗora Ilaiyaraaja sama da A.R. Rahman a kiɗan fim, alhali mu nan sunan Rahman kaɗai muka sani. Dalilin rashin sanin a fili yake. Mu da finafinan Hindi muka tashi, Rahman kuwa ya shiga kasuwar Hindi tun 1995 da Rangeela, ya biyo da Dil Se da Lagaan. Shi Ilaiyaraaja yawancin aikinsa a kudu ya yi shi, da Tamil, Telugu, Malayalam da Kannada, finafinan da sai zamanin fassarar Hausa suka cika mana gida.

Ilaiyaraaja ɗan ƙauye ne, haifaffen Pannaipuram a 1943. Yana matashi ya bi yayansa, Pavalar Varadarajan, gari-gari suna yi wa jam'iyyar kwaminisanci waƙa. A 1968 ya shiga birnin Madras, wanda yanzu ake kira Chennai, ya koyi kiɗan Turawa wajen Master Dhanraj, ya daɗe yana yaron makaɗin fim G.K. Venkatesh kafin ya samu fim ɗinsa na farko, Annakili, a 1976. Rahman ɗan birni ne, an haife shi a Madras a 1967, sunansa na farko Dileep Kumar. Mahaifinsa makaɗin fim ne, ya rasu yaron yana ɗan shekara 9, har sai da gidan ya koma ba da hayar kayan kiɗan marigayin don samun na tuwo. Wajen ƙarshen shekarun 1980 ya musulunta, sanadin wani shehin Ƙadiriyya.

Ga inda labarin yake da daɗi: Rahman yaron Ilaiyaraaja ne, ya kaɗa kibod a tawagarsa tun yana ƙarami. Darakta Mani Ratnam ya yi fim ɗin Thalapathi da maigidan a 1991, shekara na zagayowa ya ɗauko yaron ya ba shi Roja. Daga nan magoya baya suka ja daga, har yau ba a sasanta ba.

Ni a wajena babban bambancin yana wurin yadda suke aiki. Ilaiyaraaja zai kalli fitowar fim, ya ja takarda ya rubuta wa mai goge nasa, mai sarewa nasa, mai ganga nasa, duk daga ka. A raba takardu, makaɗa su buga tare. Da sassafe yake farawa. Kiɗan ƙauyensu ya ɗauko ya aurar da shi ga tsarin kiɗan Turawa, kuma auren ya zauna. Rahman mutumin dare ne, a situdiyon da ya gina a gidansa. Zai bar mawaƙi ya yi ta rerawa, ya tsince mafi kyau, ya haɗa a kwamfuta, yana gyara har darakta ya gaji da jira. Shi ya sa sautinsa yake fita tas, shi ya sa kuma a yawan aiki bai kama ƙafar maigidan ba, wanda ya haura fim 1,000.

A kambun ƙasashen waje Rahman ne gaba: Oscar biyu a 2009, Grammy biyu a 2010. A gida, shekara ɗaya aka ba su lambar yabon gwamnatin Indiya ta Padma Bhushan, 2010, sai Ilaiyaraaja ya ƙara da ta gaba da ita, Padma Vibhushan, a 2018, aka kuma naɗa shi ɗan majalisar dattawa a 2022. Tsohon dai ba ya wasa da haƙƙin waƙarsa. A 2017 har tsohon amininsa mawaƙi S.P. Balasubrahmanyam ya aika wa takardar lauya.

In waƙar da za ka saka a mota kake nema, ɗauki Rahman. Amma kiɗan da ke bin bayan fim, wanda zai sa ka hawaye jarumi bai ce uffan ba, nan na ba Ilaiyaraaja. Nemi fim ɗin Nayakan na 1987, ka rabu da karanta fassarar ƙasan allo, ka kasa kunne ga abin da ke tashi idan magana ta tsaya.