Dusar gwamnati mai rahusa ga makiyayan Maradi: tana da kyau, amma tana makara

Tsarin da gwamnati ke bi na sayar wa makiyaya dusar alkama da sauran cimakar bisashe a farashi mai rahusa ya cancanci yabo, domin daga Afrilu zuwa Yuni, lokacin da ciyawa ke ƙarewa a yankunan Dakoro da Bermo, wannan dusa ce ke riƙe saniya mai shayarwa har ruwa ya sauka. Duk wanda ya ga yadda shanu suka riƙa faɗuwa a kewayen Gadabeji a 2010 ya san darajar buhu ɗaya mai kilo 50.

A wurin da na saya, dusar busasshiya ce, babu warin ruɓewa kuma babu yashi a gindin buhu. Ma'aikatan sun duba takardar shaidata, suka rubuta sunana, kuma ba su nemi ko dala ba a kan kuɗin da aka sanar.

Abin da ya dame ni shi ne jinkiri. Kayan sun iso ne bayan dabbobi sun rame har ana ƙirga haƙarƙarinsu, darajarsu ta faɗi a kasuwa, ta yadda makiyayi zai sayar da tunkiya da araha kafin ya samu kuɗin dusar. Wanda rugarsa ke nesa kuma sai ya ƙara da kuɗin amalanke, abin da ke cinye kusan duk rangwamen. Ya kamata a riƙa kai kayan kusa da rijiyoyin makiyaya tun watan Maris.